Darasi na Tara: Koyon Zanen Fenti Bayan an Girma

Manufofin darasi

Idan ɗalibi ya kammala wannan darasi, ana so ya iya:

1. bayyana ma'anar zanen fenti da ma'anar aikin sha'awa;
2. bambanta fenti iri uku, ya kuma zaɓi wanda ya dace da mai fara koyo;
3. fitar da sababbin launuka daga ja da rawaya da shuɗi;
4. gane haske da inuwa a jikin abin da ke gabansa;
5. zana wani abu daga kayan gida da kansa, daga farko har ƙarshe.

1. Idon da kuka riga kuka mallaka

Yawancinmu rabonmu da zane tun muna yara, lokacin da muke jan tsinke a kan rairayi, ko mu ɓata bangon zaure da gawayi. Da aka girma sai noma da kasuwa da hidimar iyali suka cinye lokaci. Yanzu idan aka miƙa wa magidanci buroshi, abin da zai fara cewa shi ne, "Ai ni ba ni da baiwar."

Ku duba sana'arku tukuna. Tela yana ɗaga shadda sau ɗaya ya san zaren da zai hau ta. Mai ƙunshi tana zana fure a tafin hannun dama, ta maimaita shi a na hagu ba tare da ma'auni ba. Manomi yana kallon gabas ya bambanta hadarin da zai zubar da ruwa da wanda iska za ta watsar, kuma da launi yake ganewa. Mai tumatir ya san ja iri-iri: na yau, na jiya, da wanda sai jibi zai nuna. Wannan kallo na tsanaki shi ne babban jarin mai zane, kuma shekaru ne ke kawo shi. Hannu yana biyo baya idan ana motsa shi.

> AKWATIN KALMOMI
> Zanen fenti: fitar da siffa ko ado a kan takarda, ƙyalle, katako ko bango ta hanyar shafa launi.
> Aikin sha'awa: aikin da mutum ke yi a lokacin hutunsa don jin daɗin ransa, ba don neman abinci ba.

Akwai waɗanda suka fara da girmansu har duniya ta san su. A Amurka an yi wata matar manomi, Anna Mary Robertson Moses, wadda aka fi sani da Grandma Moses. An haife ta a 1860. Ɗinkin ado take yi, sai ciwon gaɓoɓi ya hana ta riƙe allura, ta koma buroshi tana da shekara saba'in da 'yan kai. Abin da ta sani take zanawa: gonaki, dabbobi, ƙanƙarar hunturu da bukukuwan ƙauyensu. A 1940 aka baje zanenta a birnin New York. Ta rasu a 1961 tana da shekara 101, ta bar zane fiye da dubu. Winston Churchill, wanda ya zama Firayim Ministan Birtaniya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya fara zane a 1915 yana ɗan shekara 40, bayan an sauke shi daga muƙaminsa na shugaban ma'aikatar sojan ruwa, yana cikin baƙin ciki. Bai mai da shi sana'a ba, amma ya riƙe shi har tsufa, ya yi zane sama da 500. A nan gida, a garin Osogbo, Georgina Beier ta shirya horon zane a 1964 ga mutanen da ba su taɓa shiga makarantar zane ba. Cikinsu akwai Jimoh Buraimoh, wanda aikin lantarki yake yi wa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Duro Ladipo, ya zo ya shahara da zanen da ake ƙawata shi da duwatsun ado.

Ba don ku yi burin suna aka kawo waɗannan ba. A ganina labarin Churchill ya fi kusa da mu, domin shi abin da ya nema wurin zane shi ne kwanciyar rai. Wanda ya zauna yana ƙoƙarin gano ainihin launin inuwar bishiya, na ɗan wannan lokacin tunanin bashi da na kuɗin makaranta sukan sake shi.

2. Abin da muka gada

Ado da launi tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Wanda ya shiga cikin birnin Zariya, ko tsohon birnin Kano, ko unguwar Birni a Damagaram, zai ga fuskokin gidaje da aka yi wa zane, wasu da laka aka fito da shi, wasu aka bi shi da fenti. Dagi, wanda ake gani a bango da riga da jakar fata, yana cikin irin wannan ado. Masu ɗinkin babbar riga suna da aska biyu da aska takwas. Alarammomi kuma suna yin zayyana a allon sauka da cikin Alƙur'ani rubutun hannu, da ja da kore da rawaya. Mai fara koyo zai iya kwaikwayon waɗannan kafin ya taɓa wani abu.

> AKWATIN KALMOMI
> Zayyana: adon da ake tsarawa da layuka da kusurwoyi da da'irori masu maimaita juna, ba tare da siffar mutum ko dabba ba.

Akwai tambayar da ba ta rasa tasowa a aji: "Malam, zana abu mai rai fa?" Tambaya ce mai kyau. Malamai da yawa sun hana zana mutum ko dabba, wasu kuma sun yi bayani filla-filla a kan abin da ya halatta da wanda bai halatta ba. Kowa ya koma wurin malamin da yake karatu a gabansa. Bishiya da dutse da gini da kogi da kayan gida kuwa, mafi yawan malamai ba su ga laifin zana su ba, kuma duk misalan wannan darasi daga cikinsu aka ɗauko.

3. Fenti da kayan aiki

Kowane fenti abu biyu ne aka haɗa: garin launi, da abin da ke riƙe garin ya manne. Wanda ya taɓa dafa tawadar allo ya san wannan, domin ƙaro ake sa mata don ta kama. Abin riƙon shi ke bambanta fenti da fenti.

> AKWATIN KALMOMI
> Fentin ruwa: fentin da aka haɗa da ƙaro. Da ruwa ake sirka shi, a kan takarda ake shafa shi, kuma farin takardar yana lekowa ta cikinsa.
> Akirilik: fentin da aka haɗa da wani irin gam na roba. Da ruwa ake sirka shi, amma idan ya bushe ruwa ba ya wanke shi.
> Fentin mai: fentin da aka haɗa da man tsirrai. Ba ya haɗuwa da ruwa, kuma yakan ɗauki kwanaki kafin ya bushe.

Fentin ruwa ya fi araha da sauƙin ɗauka, sai dai gyara yana da wuya a cikinsa. Idan aka shafa launi mai duhu, ba a iya rufe shi da mai haske, don haka daga haske ake farawa a tafi zuwa duhu. Yana kuma son takarda mai kauri; ta littafin rubutu tana jiƙewa ta tattare. Fentin mai yana da kyau ƙwarai, amma yana da tsada, yana buƙatar sinadarin sirki mai wari, ga jiran bushewa. A bar shi sai an kwana biyu ana yi.

Shawarata ga mai farawa ita ce akirilik. Yana kama takarda da kwali da katako da ƙyalle. Yana bushewa cikin 'yan mintoci. Abin da ya fi muhimmanci, idan wani wuri bai yi ba, sai a jira ya bushe a shafa wani launi a kai, na ƙasan ya ɓace. Wanda bai samu akirilik ba ya nemi fentin 'yan makaranta na ƙananan kwalabe a shagon littattafai, zai fisshe shi a watannin farko.

Kayan da za a tanada ba su da yawa:

- fenti kala biyar: ja, rawaya, shuɗi, fari da baƙi;
- buroshi uku: mai faɗi babba, mai faɗi ƙarami, da mai tsini;
- tsohon farantin tangaran ko murfin bokiti don haɗa launi;
- gwangwani biyu na ruwa, ɗaya na wankin buroshi, ɗaya na sirki;
- tsumma da fensir;
- abin zanawa a kai.

Ba dole ne a sayi ƙyallen zane na shago ba. A yanko kwali mai kauri, a shafa masa farin fentin bango na ruwa sau biyu, a bari ya bushe. Haka ma akoko idan aka ɗame shi a kan katako. Kada kuma a zuba kuɗi a kan babban akwati mai kala ashirin da huɗu. Mai kala da yawa a gabansa ba ya koyon haɗi.

Hattara da abu uku. Kada a sa buroshi a baki don a fito da tsininsa, domin wasu launukan suna da guba. Farantin da aka haɗa fenti a kai ya bar cin abinci ke nan. Buroshin akirilik kuma a wanke shi da ruwa da sabulu da zarar an gama, idan ya bushe da fenti a jiki ya tashi aiki. A lokacin hunturu fentin yakan bushe a faranti tun ba a shafa shi ba, sai a riƙa matso kaɗan-kaɗan ana yayyafa masa ruwa.

4. Haɗa launi

> AKWATIN KALMOMI
> Launukan tushe: ja, rawaya da shuɗi. Daga gare su ake fitar da sauran.
> Launukan haɗi: waɗanda ake samu idan an gauraya launin tushe biyu.
> Kishiyar launi: launin da ke kashe kaifin wani idan an gauraya su. Ja kishiyar kore ne, shuɗi kishiyar ruwan lemo, rawaya kishiyar shunayya.

Rawaya da shuɗi suna ba da kore. Ja da rawaya suna ba da ruwan lemo. Ja da shuɗi suna ba da shunayya. Idan aka haɗa ukun duka sai a sami ruwan ƙasa. Fari yana ƙara haske: ja da fari ruwan hoda ke nan, baƙi da fari ruwan toka.

Ƙa'ida ɗaya ce za a riƙe. A fara da launi mai haske, a riƙa ɗiga masa mai duhu kaɗan-kaɗan. Ɗigon shuɗi ɗaya yana canja rawaya mai yawa, amma wanda ya fara da shuɗi zai ƙarar da rawayarsa bai kai inda yake so ba.

Misali na ɗaya. Wata uwargida tana son zana reshen zogale da ke tsakar gidanta. Ta matso rawaya kashi uku, ta sa shuɗi kashi ɗaya, ta sami kore. Ta kara buroshin kusa da ganyen, sai ta ga nata ya cika kaifi. Ta ce, "Malam, wannan ai koren roba ne." Malamin ya ce, "Hajiya, taɓa masa ja, ɗan mitsitsi." Da ta sa, koren ya kwanta ya yi kama da na ganye, domin ja kishiyarsa ne. Daga wannan haɗi ta raba uku: ta ƙara wa kashi ɗaya rawaya don sabon toho, ta bar ɗaya yadda yake, ta ƙara wa na uku shuɗi don ganyen da ke ƙarƙashi.

A tuna cewa akirilik yakan ɗan ƙara duhu idan ya bushe, fentin ruwa kuma yakan ɗan koɗe. A gwada a gefen takarda tukuna.

5. Haske da inuwa

Nan ne zuciyar darasin, kuma nan ne ya kamata a daɗe.

Idan aka ce wa mai koyo ya zana tulu, yakan ja layin siffarsa ya cika cikin da ruwan ƙasa iri ɗaya daga sama har ƙasa. Abin da zai fito a shimfiɗe yake, ba shi da ciki. Dalili shi ne ya zana abin da ya sani, wato tulu jar ƙasa ne, bai zana abin da idonsa ke gani ba. Ido yana ganin gefe ɗaya da haske, ɗaya gefen da duhu, da wani yanki a tsakani. Wannan bambancin ne ke gaya wa mai kallo cewa abin yana da kauri da zagaye.

> AKWATIN KALMOMI
> Matakin haske: yadda launi yake kusa da fari ko kusa da baƙi.
> Inuwar jiki: duhun da ke gefen abu, inda haske bai kai ba.
> Inuwar ƙasa: duhun da abu ke jefawa a ƙasa ko a bango, saboda ya tare haske.

Akwai dabarar gani. A ɗan runtse ido har abin ya yi dishi-dishi. Ƙananan abubuwa za su ɓace, sai manyan yankuna na haske da duhu su rage. Su ake fara zanawa. Mai waya zai iya ɗaukar hoton abin ya mai da shi baƙi da fari, zai ga matakan sarai.

Inuwa kuma ba baƙa ba ce. Ku duba inuwar farin bango da la'asar, za ku ga tana da ɗan shuɗi ko shunayya. Wanda ya riƙa zuba baƙi duk inda ya ga duhu, zanensa zai yi dauɗa. Hanya mafi kyau ita ce a ɗauki launin abin a ƙara masa kishiyarsa. Inuwar jan tumatir, ja ne da ɗan kore. Inuwar lemo, ruwan lemo ne da ɗan shuɗi.

Misali na biyu. Wani direba da ya ajiye tuƙi zai zana tulu. Ga yadda ya bi:

1. Ya ajiye tulun a kan tabarma kusa da ƙofa, haske yana zuwa daga dama kawai. Ya zaɓi hantsi, ya kuma ƙudura zai koma a wannan lokacin gobe idan bai gama ba, domin inuwa tana tafiya da rana.
2. Ya miƙe hannu da fensir a tsaye, ya rufe ido ɗaya, ya auna tsawon wuyan tulun da babban yatsa. Ya ga cikin tulun ya yi wuyan sau uku. Ya sa alamar haka a kwalinsa, sannan ya ja siffar da fensir ba tare da dannawa ba.
3. Ya haɗa ja da rawaya da ɗan shuɗi ya sami ruwan ƙasa. Ya raba uku: ɗaya da ƙarin fari da rawaya, ɗaya yadda yake, ɗaya da ƙarin shuɗi.
4. Da babban buroshi ya shafa na tsakiya a jikin tulun duka. Ya sa mai duhun a hagu, mai hasken a dama. Kafin su bushe ya goge iyakarsu da buroshi mai ɗan laima don su shiga juna.
5. Ya zana inuwar ƙasa a hagu, manne da gindin tulun. Wurin da ta haɗu da gindin ya fi ko'ina duhu. Ba don ita ba, da tulun ya zama kamar yana lilo a iska.
6. Ya cika bayan da launin bango. A ƙarshe ya ɗauki mai tsini ya yi bakin tulun da zanen wuyansa, ya ɗiga haske kaɗan a kafaɗar dama.

Ku lura da tsarin: babba kafin ƙarami, ado a ƙarshe. Masu koyo sukan yi ɗokin adon wuya su fara da shi, alhali jikin bai zauna ba. Lokaci-lokaci kuma a tashi a ja da baya taku uku a duba. Abin da ba a gani a kusa, daga nesa yake fitowa.

6. Kusa da nesa

Idan za a zana fili, abu biyu ke faruwa ga abin da ke nesa: yana ƙanƙancewa, launinsa kuma yana koɗewa ya karkata zuwa shuɗi ko toka, saboda ƙura da tururin da ke tsakani. Wanda ya hangi Dutsen Dala daga nesa a cikin hazo ya ga haka. Don haka kukar da ke bakin hanya a yi ta babba da launi mai ƙarfi, ta bayan gona a yi ta ƙarama a sirka launinta da fari da ɗan shuɗi.

7. Lokaci da maganar mutane

Misali na uku. Wani mai shago ya ce ba shi da lokaci. Aka yi lissafi tare da shi. Idan ya ware rabin awa sau uku a mako, awa ɗaya da rabi ke nan. A makonni 52 na shekara, ya sami awa 78. Rabin awa a kai a kai ta fi yini guda sau ɗaya a wata, domin hannu ba ya mantawa a tsakani. Ya tanadi kwali ɗaya ya zuba kayansa duka, don kada neman buroshi ya cinye lokacin.

A rubuta kwanan wata a bayan kowane zane, a adana shi ko bai yi kyau ba. Bayan wata uku a jera su a duba. Da aikinku na baya za ku auna kanku, ba da na wanda ya karanta zane a Jami'ar Ahmadu Bello ba.

Za a yi magana. Wani zai ce, "Baba, da girmanka kana wasan yara?" Wani zai tambaya nawa ake samu a ciki. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi, kuma ku da kuke zaune a wannan aji kun riga kun amsa irin wannan magana sau ɗaya, ranar da kuka shiga aji da girmanku. Idan wata rana wani ya taya zanenku, madalla. Amma kada ku fara da tunanin kasuwa, domin mai zana abin sayarwa yakan ji tsoron gwaji, kuma da gwaji ake koyo. Ku nemi mutum biyu ko uku a ajin nan ku riƙa zama tare ranar hutu, kowa ya zana abu ɗaya, ku ga yadda ido ya bambanta.

Tambayoyin bita

1. Mene ne aikin sha'awa? Kawo misali biyu ban da zane.
2. Wane abu ne a sana'arka ko sana'arki ya koya wa ido bambanta launi ko siffa?
3. Me ya sa Grandma Moses ta bar ɗinki ta koma zane?
4. Abu biyu ne ke cikin kowane fenti. Faɗe su. Me ake riƙe fentin ruwa da shi?
5. Kawo dalili biyu da suka sa akirilik ya dace da mai farawa.
6. Cike gurbi: rawaya da shuɗi suna ba da ______, ja da ______ suna ba da ruwan lemo.
7. Kore ya cika kaifi. Wane launi za a ƙara masa, kuma don me?
8. Bambanta inuwar jiki da inuwar ƙasa.
9. Idan haske yana zuwa daga hagu, a wane gefe inuwar ƙasa za ta faɗi?
10. Wata ɗaliba tana zane minti 45 sau biyu a mako. Awa nawa za ta samu a makonni 12?

Aikin gida

(a) A kan kwali, ja gida biyar a jere. Shafa fari a na farko, baƙi a na ƙarshe, sannan ka cika ukun tsakiya da ruwan toka mai ƙara duhu mataki-mataki.

(b) Zaɓi abu ɗaya daga gida: buta, ƙwarya, albasa ko randa. Ajiye shi inda haske ke zuwa daga gefe ɗaya, ka zana shi da matakin haske uku kamar yadda aka nuna a misali na biyu. Rubuta kwanan wata a baya, ka zo da shi aji mako mai zuwa.